Abin da Ya Maƙale a Wuyan Ustazu

"Kauce! Mai keke, kauce mana, mutum zai mutu a hannuna!"

Lukuman ne ke ihu, kansa a waje ta tagar akori-kurar da yake jigilar nama da ita, hannu ɗaya a sitiyari, ɗayan yana dukan ƙofa, domin hon ɗin motar ya daɗe da mutuwa. Jajibirin Babbar Sallah ne, masu raguna sun cinye rabin titi tun daga Dutse Uku, ga ruwan sama ya fara yayyafi, kowa na neman inda zai raɓe da dabbarsa.

A tsakiyar kujera Badruddeen ya dunƙule, ya toshe baki da tawul. Tawul ɗin ya jiƙe sharkaf. Tun asuba ko yawunsa ba ya wucewa, in ya gwada haɗiya sai ya ji kamar an soka masa tsinken tsire a tsakiyar ƙirji an murɗa. A gefen ƙofa mahaifiyarsa ce, Inna Tabawa, ta riƙe kafaɗarsa tana tofa masa addu'a a ka.

"Ƙashi ka ce, ko?" Lukuman ya tambaya yana kauce wa wani rago.

Badruddeen ya gyaɗa kai.

"Mahauci ɗan mahauci, jikan mahauci, a ce ƙashi ya maƙale masa a sahur! Ustazu, ka zubar mana da mutunci. In aka ji wannan a kwatar Abattoir, wallahi har 'yan wankin tumbi sai sun yi maka waƙa."

"Tuƙi aka ce ka yi," in ji Inna Tabawa, ba ta ko dube shi ba.

Lukuman ɗan goggon Badruddeen ne, taubashinsa, tsokana a tsakaninsu tun suna yawo ba wando. Yau dai ba ta samu shiga ba. Ya ja bakinsa ya taka mota.

Ba ƙashi ba ne. A duk cikin motar Badruddeen kaɗai ya san haka, kuma da za a ba shi zaɓi, da ya mutu a kan titin nan da abin a wuyansa ya fi masa sauƙi a kan matar da ke tofa masa addu'a ta gan shi.

Mahaifinsa, marigayi Sarkin Pawa, mutum ne mai layu. Damtsensa, ƙugunsa, har cikin hularsa. Bayan rasuwarsa Badruddeen, wanda ya yi karatun addini har mahauta ke ce masa Ustazu, ya kwaso layun nan kaf ya tara a tsakar gida, ya zuba kananzir ya cinna musu ashana a gaban 'yan zaman makoki. Inna Tabawa ta roƙe shi ya bar mata ko guda ɗaya, don tunawa kawai. Ya ce mata ba a tunawa da shirka. Ta shige ɗaki, ba ta sake tayar da maganar ba.

Daga nan ya gaji aikin uban. A ɓangarensu na kwata, duk safiyar Sallah kafin kowa ya zare wuƙa, ɗan gidan Sarki ne ke shiga ya kama ƙahon sa na farko ya murɗe wuyansa ya kai shi ƙasa. Shekara da shekaru Badruddeen na yi da bisimillah kawai, ba laya ba guru, kuma duk karatun da yake ba mahauta bayan magariba sai ya kawo wannan a matsayin hujja.

Sai bana, farkon damina, wani jan sa ya tsinke igiya ya ɗauki wani abokin aikinsu a ƙaho ya farke masa ciki, a gaban idon Badruddeen, har jinin ya fallatsa masa a fuska. Tun ranar, in ya doshi turke sai ya kasa ƙarasawa. Ya yi addu'a, ya yi sadaka, ya daina barci. Sallah na matsowa. A makon jiya ya ce wa gida zai je duba shanu, ya hau motar haya a tashar Laranto ya rufe fuska da rawani, ya je wurin wani tsoho a wani ƙauye can kan hanyar Bauchi. Tsohon ya ba shi ƙaramar laya da ba ta wuce dabino ba, an ɗinke da baƙar fata an naɗe da siririyar waya, ya ce ya tura ta cikin kitsen tozo ya haɗiye a jajibiri kafin alfijir. Ya ce in tana cikinsa, sa zai gan shi kamar dutse.

Kitsen ya wuce. Layar ta tsaya.

Ya ɓoye abin har hantsi. Inna ce ta kama shi a bayan ɗaki yana zubar da yawu kamar raƙumi. Ta sa shi ya karya azumin Arfa, ta ba shi ayaba, ayabar ta dawo. Ta ba shi man ja, ya dawo ta hanci. Sannan ta aika aka kira Lukuman.

*

Asibitin ba babba ba ne, amma nan ne aka ce suna da na'urar da ake zura wa mutum ta baki a ga cikinsa. Wata nas gajera mai faɗi, Sista Suzana, tana ganin yadda yawu ke zuba ta ture waɗanda ke layi.

"Ku yi haƙuri, wannan ba zai jira ba. Oga, zauna nan. Kada ka haɗiye, tofa a nan. Mama, sannu fa, ki kwantar da hankali."

Aka kai shi aka ɗauki hoton ƙirjinsa, aka dawo da shi ɗakin likita. Yana ɗaga ido ya gane likitan. Dokta Datong ne, dogon nan mai furfura a gemu, wanda duk Asabar yake zuwa teburinsa a Abattoir ya sayi tozo da wutsiya, su yi ta gardamar ƙwallo. Mutumin da ya san shi. Mutumin da ya taɓa tsayawa yana jira ya gama yi wa wani matashi faɗa a kan guru.

"A'a, Malam Badar! Yau kai ne a teburina?" Likitan ya miƙe da fara'a. "Me ya faru?"

"Ƙashi ne, Dokta," Lukuman ya riga kowa. "Haɗama. Na sha gaya masa ya riƙa taunawa."

Dokta Datong ya ɗaga hoton ya kara a fitila. Fara'ar ba ta ɓace gaba ɗaya ba, amma ta ja baya. Ya daɗe yana kallo, sannan ya kifa hoton a kan tebur.

"Mama, ku ɗan ba mu wuri, zan duba shi. Kai ma, oga direba."

"Ni na haife shi," in ji Inna Tabawa.

"Na sani, Mama. Riga zai cire."

Ta fita ba don ta so ba. Likitan ya tura ƙofa da kansa, ya dawo ya jawo kujera har gwiwarsu na haɗuwa, ya juya hoton ya nuna masa. Ga haƙarƙari, ga ƙashin baya, ga wani abu fari fat a tsakiya, a nannaɗe.

"Malam Badar, ka fi ni sanin saniya. Akwai ƙashinta da ya yi kama da nannaɗaɗɗiyar wayar cikin biro?"

Badruddeen ya sunkuyar da kai. Yawu ya zubo masa a kan gwiwa.

"Ba shari'a nake maka ba. Zan zura tiyo mai kyamara ta bakinka in bi bututun abinci har in iske abin nan, in kamo shi in jawo. Amma dole in san me zan kama. In akwai reza a ciki, ko allura, ko batir, aikin daban ne. In na ja ba da sani ba na yaga maka bututun, to sai an tsaga ƙirjinka, kuma ba kowa ke tashi ba. Mene ne?"

Sau biyu Badruddeen na buɗe baki. A na uku maganar ta fito, a shaƙe, kamar ta wani.

"Laya ce."

"Me ke cikinta?"

"Ban sani ba."

Wannan ta fi ta farkon ciwo. Shi da ke tsayawa gaban mutane yana warware layu yana nuna musu tarkacen da ke ciki, ya haɗiyi wadda bai ko buɗe ba.

Dokta Datong bai yi dariya ba, bai kuma yi mamakin da Badruddeen ke jira ba. Ya tambayi girmanta, da abin da aka ɗinke ta da shi, da lokacin da ya ci abinci na ƙarshe.

"Na ciro haƙorin roba a cikin wani fasto," ya ce yana wanke hannu. "Na ciro allurar hijabi, na ciro murfin kwalba. Ba kai ne farau ba."

Badruddeen ya kamo hannun rigarsa. "Dokta. Inna. Don Allah."

"Abin da na gani a cikinka naka ne. Ba zai fita daga bakina ba. Tashi mu je."

*

Ɗakin sanyi ƙalau, ga wani allo kamar talabijin a kan keke, ga baƙin tiyo mai kaurin yatsa a rataye, bakinsa na haske. Sista Suzana ta fesa masa wani magani mai ɗaci a maƙogwaro, nan take harshensa ya yi nauyi. Ta kwantar da shi ta gefen hagu, ta sa masa wata roba mai rami a tsakanin haƙora, ta yi masa allura a bayan hannu.

"Za ka ji kamar maye-maye. Ka yi numfashi ta hanci. Kada ka ciji kayan aikinmu fa, oga, sun fi motar ɗan'uwanka tsada."

Jikinsa ya saki, amma bai yi barci ba. Ya ji tiyon ya taɓa bayan harshensa, ya yi kakari, hawaye suka zubo, Sista ta danne kansa tana cewa sannu, sannu. Sai abin ya wuce. Allon na daidai fuskarsa.

Ya san wurin nan. Wannan jan rami mai santsi mai sheƙi, shi yake zarewa daga wuyan rago kullum ya wurga a kwano ba tare da ya kalla ba. Dubban dabbobi ya buɗe, bai taɓa tunanin nasa cikin haka yake ba, ba bambanci ko kaɗan. Hasken na tafiya, ramin na buɗewa. Sai ga layar.

Ta kumbura ta toshe hanya, baƙa ƙirin, yawu ya taru a kanta. Fatar ta jiƙa ta saki, bakin wayar ya warware ya nutse a cikin naman, jini na tsattsafowa a gefensa.

"Yesu," in ji Sista Suzana a hankali. Ta dubi allon, ta dubi fuskarsa da gemunsa, ta mai da idonta kan aikinta. Badruddeen ya runtse ido. Da ƙasa za ta tsage da ya gode mata.

"Zuƙe ruwan nan," in ji likita. "Yawwa. Ba ni hantsaki."

Wani ɗan ƙarfe mai baki kamar na kada ya leƙo a allon, ya kama gefen fatar. Likitan ya ja kaɗan. Zafi ya tsaga ƙirjin Badruddeen, ya zabura, fatar ta yage, hantsakin ya fito da ɗan ƙyalle kawai.

"Riƙe shi! Malam Badar, kada ka motsa, wayar na cikin nama. In na ja haka za ta yi maka fiɗa daga ciki."

Jinin ya ƙaru, allon ya yi ja. Aka wanke da ruwa, aka zuƙe. Dokta Datong ya zaro tiyon gaba ɗaya, ya sa masa wata hular roba a baki, ya sake shiga. Wannan karon bai ja ba, turawa ya yi, a hankali, ƙasa, har bakin wayar ya zare kansa daga naman. Ya kama wayar da hantsaki ya shigar da tsinin cikin hular roba, yadda ba zai karci komai ba a hanya.

"Yanzu. Numfashi. Kada ka haɗiye."

Badruddeen ya ji abin na hawowa, yana goga, yana tsayawa, yana hawowa. A maƙogwaro ya toshe masa iska, idonsa ya firfito, ya ga duhu. Sai ya ji ƙarar abu ya faɗa a kwanon silba.

Iska ta shiga. Ya haɗiyi yawu, ya wuce. Ya fashe da kuka da robar a bakinsa.

Likitan bai gama ba. Ya sake komawa ya duba inda wayar ta soka, ya daɗe a wurin, sannan ya zarce har tumbi. Can ma ba lafiya: bangon ya yi ja, ga wasu ƙananan gyambuna fari-fari. Ya ɗan tsinko nama kamar ƙwayar gero don a gwada.

"Allah ya taimake ka, ba ta huda ba," ya ce bayan an cire robar. "Amma ta yi zurfi. Yau a nan za ka kwana, ba ci ba sha, sai ƙarin ruwa. Gobe ma ba inda za ka. Kuma gyambon ciki ya fara kama ka. Kana shan maganin ciwon jiki ba ka ci abinci ba, ko? Ka daina barci?"



Sista Suzana ta ɗauraye layar, ta jefa a wata 'yar kwalbar roba, ta naɗe kwalbar da takarda har ba a ganin ciki, ta tura masa a aljihun wando.

*

Bayan azahar ya farfaɗo sosai a ɗakin marasa lafiya, robar ƙarin ruwa a hannunsa. Ruwan sama na dukan kwano. Inna Tabawa na zaune a kan kujerar roba, carbi a hannu. Lukuman na tsaye a ƙafar gado yana waya.

"Ya tashi! Eh, an ciro. Ku taho bayan la'asar, amma kada wanda ya kawo masa nama, ba a yarda da shi da nama ba yanzu." Ya kashe waya yana dariya. "Ustazu, Dokta ya ce gobe ba kai ba sa. Kada ka damu, ni zan shiga. Jinin Sarki ne a jikina ni ma, ko ta wajen uwa ne. Bari in je in yi salla in dawo."

Yana fita Inna Tabawa ta jawo kujerarta kusa.

"Ina ƙashin?"

"Inna..."

"Na tambayi yarinyar nan nas, ta ce in tambayi likita. Na tare likita, ya ce yana wurin mai shi. To mai shi, ina yake?"

"Me za ki yi da shi, Inna? An riga an cire."

Ta waiga ƙofa, ta rage murya. "Wa ya kawo naman da ka yi sahur da shi?"

Lukuman ne ya kawo, jiya da yamma, tozo mai kyau, kyauta.

"Wa zai shiga gobe a madadinka? Ka ji shi da kunnenka, ko kunya babu, har da jinin Sarki. Tun ubanka na da rai uwarsa ke ƙyashin gidan nan. Mahauci ba ya shaƙewa da ƙashi haka kawai ranar jajibiri. Sa maka hannu aka yi. Ka ba ni ƙashin. Yau ɗin nan zan kai shi gaban kawunnanka in ajiye, a kira shi da uwarsa su dafa Alƙur'ani."

"Inna, ba ruwan Lukuman."

"Kai ba ka san mutane ba, littafi ka sani."

"Shi ya kawo ni asibiti."

"To da zai bar ka ka mutu a gida a gane? Ba ni."

Ta miƙo hannu. Ya san hannun nan, ya san ba ya komawa wayam. Zai iya cewa an zubar. Kalma biyu ce, maƙogwaronsa ma ya buɗe yanzu. Amma ko da ƙashi ko babu, ya ga a idonta ta riga ta yanke hukunci, kafin magariba maganar za ta kai gidan goggonsa, gobe da safe Lukuman zai shiga gaban sa da sunan wanda ya nemi kashe ɗan'uwansa. Mutumin da ya yi ta dukan ƙofar mota har tafinsa ya kumbura.

Ya tura hannu a aljihu. Kwalbar ta yi masa nauyi kamar dutsen guga. Ya ɗora mata a tafi ya juya fuskarsa bango.

Ya ji ƙarar takarda. Ya ji an buɗe murfi. Sannan bai sake jin komai ba sai ruwan sama.

Ya kasa jurewa, ya waigo. Ta juye layar a tafinta tana kallo, ta juya ta da ɗan yatsa. Fuskarta ba fushi. Da fushin ne da ya fi.

"Wa ya ba ka?"

"Ni na je na nema."

"Da ƙafarka."

"Da ƙafata."

"Ba wanda ya sa maka a abinci."

"Babu, Inna. Tsoro nake ji. Tun ranar da jan san nan... in na ga ƙaho ba na iya tsayuwa."

Ta gyaɗa kai a hankali, kamar mai jin labarin wani gari.

"Na durƙusa maka," ta ce. "Ni da na haife ka. Na ce ka bar min guda ɗaya, ta hularsa, wadda ni na ɗinke mata gida da hannuna. Ka dube ni a gaban matan unguwa ka ce ba a tunawa da shirka. Har yau in na wuce wurin nan a tsakar gida ina ganin baƙin. Ashe na ubanka ne ba ka so. Na wani ƙato a daji kuwa, har haɗiya."

"Ki yafe min."

"Ubanka bai taɓa haɗiyar laya ba, ko kare ba ya haɗiyar waya. Kuma da kake ganinsa da su ɗin, ka ɗauka ba ya tsoro? Duk jajibiri sai ya yi amai a bayan ɗaki, ni ke zuba masa ruwa. Da safe ya wanke fuska ya tafi. Da ka zo ka gaya min, da na gaya maka. Amma ina, kai malam ne, me tsohuwa jahila za ta faɗa maka."

Hawaye na bin gefen idonsa suna shiga kunne. Bai share ba.

"Kuma ka bar ni ina zagin ɗan mutane a zuciyata tun safe, da azumi a bakina."

Hayaniya ta taso daga baranda, takalma da dariya da muryar Sista Suzana tana cewa ba za su shiga duka ba. Ba su saurare ta ba. Lukuman ne a gaba, bayansa mahauta, manya da matasa, riguna a jiƙe, wasu da ledar lemo da ayaba. Rabinsu ɗalibansa ne na bayan magariba.

Kafin su ƙaraso Inna Tabawa ta dunƙule hannu, ta ƙulle layar a bakin mayafinta, ta tura kwalbar ƙarƙashin kujera da ƙafa.

"Sannu, Ustazu!"

"Allah ya ƙara sauƙi, Malam!"

"Wallahi da muka ji, cewa muka yi jarrabawa ce. Mutum irin Malam, ba laya ba guru, dole Shaiɗan ya bi ta wani wuri."

"To ina ƙashin?" in ji Lukuman. "A nuna mana shi mu gani, in na saniya ne mu san wadda za mu rama a kanta gobe."

Duk suka yi dariya, suka juyo suna jira.

"Yana wurina," in ji Inna Tabawa, muryarta ko rawa babu. "Ɗan ƙashin haƙarƙari ne. Ba abin kallo ba ne, binne shi zan yi. Lukuman, zo nan. Allah ya yi maka albarka, ka ji? Allah ya tsare ka gobe."

Lukuman ya tsaya sororo, bai saba jin haka daga bakinta ba, sannan ya durƙusa ya ce amin. Badruddeen ya ja bargo har haɓa. Tsohuwar da bai taɓa jin ta yi ƙarya ba, yau ta yi, ranar Arfa, da azumi, saboda shi. Ɗaya daga cikin ɗaliban ya ce Malam ya ɗan yi musu addu'a ko a zuci ne, suka ɗaga hannuwa.

"Salamu alaikum."

Ba muryar kowa a cikinsu ba ce. Wani dogon mutum ne a bakin ƙofa, baƙi, siriri, da rigar ruwa har gwiwa da takalman roba duk jar laka. Ba wanda ya san shi. Ya bi gadajen da kallo ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a kan Badruddeen.

"Kai ne mahaucin Dutse Uku? Na je gidanka, aka ce kana nan."

"Lafiya, bawan Allah?" Lukuman ya miƙe. "Mara lafiya ne, ba ya magana."

"Ba sai ya yi magana ba, ya ji dai." Mutumin ya shigo, ruwa na ɗiga daga rigarsa, bai rage murya ba. "Baba ne ya aiko ni, tsohon da ka je wurinsa makon jiya. Ya ce a gaya maka an yi kuskure. Abin da aka ba ka ba naka ba ne, na wani aka haɗa, da sunansa da gashin kansa a ciki. Mai shi ya zo karɓa yau ba a gani ba."

Hannuwan da aka ɗaga don addu'a suka fara sauka ɗaya bayan ɗaya.

"Wane tsoho?" in ji Lukuman. "Wane abu?"

Baƙon bai dube shi ba.

"Mai abin yana waje a mota da yaransa. Ya ce in kana da shi ka ba ni yanzu. In kuma ka riga ka haɗiye, shi zai shigo da kansa."